Waƙar Zuciya da Hukuncin Malamai: Daga Jamus Zuwa Ƙasar Wudil

A shekarar 1775 hukumar birnin Laifzig da ke ƙasar Jamus ta hana sayar da wani ɗan littafi, bayan malaman addini na jami'ar garin sun kai kuka cewa zai ɓata matasa. Marubuci Goethe ne ya rubuta shi, ya fito a 1774. Labarin wani saurayi ne mai suna Werther da ya kamu da son yarinyar da aka riga aka ba wani, ya yi ta rubuta wa abokinsa wasiƙu yana zayyana ƙunar da ke ransa, daga ƙarshe ya harbe kansa. Shekara 232 bayan haka, a watan Mayun 2007, hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta tara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan makarantun mata, aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Garuruwan nan biyu ba su haɗa addini ba, ba su haɗa harshe ba, amma fargabar da ta kama manyansu iri ɗaya ce: fasaha ta bar yabon sarki da koyar da ladabi, ta koma ba zuciyar mutum guda bakin magana.

Wannan juyi shi ne Turawa suka yi wa laƙabi da Romantisizim, mu ce tafarkin shauƙi, kuma sama da shekara 200 ke nan malamansu suna gardama a kan ko mene ne shi. Mu ma mun yi tamu gardamar, mai zafi ƙwarai, a kan littattafan soyayya da waƙoƙin fim. Idan aka jera gardamomin biyu za a ga abin da malamanmu suka gano da kyau, a kuma ga wani babban gurbi da suka bari, wanda a ganina cike shi ya fi kusa da gari irin Ɗankaza ta ƙasar Wudil fiye da ɗakin karatun jami'a.

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, makaɗin Turai yawanci bara ne a gidan sarauta ko a coci. Joseph Haydn ya yi kusan shekara 30, tun daga 1761, yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima, yana sanye da kayan barorin gidan, yana tsara kiɗan da ubangidansa ya buƙata. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, don haka Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa Amadu. Beethoven kuwa, wanda ya yi ɗalibta a wajen Haydn ɗin a birnin Biyana, masu sarauta sun tallafa masa da kuɗi amma bai zama baran kowa a can ba. Yakan sayar wa masu ɗab'i kiɗansa, ya shirya taron da mutane za su biya su shiga. Da ubangida ya ja baya, sai makaɗi ya tsaya gaban baƙin fuskoki, kuma abin da ya fi saurin haɗa shi da su shi ne abin da ke cin ransa.

A 1810 wani marubuci kuma makaɗi mai ilimin shari'a, E.T.A. Hoffmann, ya yi sharhin simfoni na biyar na Beethoven a wata jaridar kiɗa ta Laifzig. Ra'ayinsa shi ne kiɗan da babu baiti a cikinsa ya fi kowace fasaha isa ga abin da baki ba ya iya faɗa, kuma kiɗan Beethoven yana tayar wa mai sauraro wani bege marar iyaka. Abin lura, Hoffmann ya sa Haydn da Mozart ma cikin 'yan shauƙi, alhali masana tarihin kiɗa na baya sun ware su a wani zamani daban. Ke nan tun ranar gini aka soma saɓani a kan inda iyakar abin take.

Wanda yake son ganin tafarkin a aikace ya dubi jerin waƙoƙi 24 da Schubert ya ɗora wa kiɗa a 1827, murya ɗaya da fiyano ɗaya. Wani mutum ne budurwa ta juya wa baya, ya fita daga gari da dare cikin ƙanƙara, yana tafe yana magana da kansa, har a waƙar ƙarshe ya tarar da wani tsohon makaɗi a bayan gari yana kiɗa babu mai sauraronsa. Babu sarki a ciki, babu yaƙi, babu wa'azi. Berlioz na Faransa, a 1830, ya shirya simfoni mai kashi biyar saboda son da yake yi wa wata 'yar wasan kwaikwayo, Harriet Smithson, ya ware wani karin sauti ya zama ita, karin yana dawowa a kowane kashi da sabuwar kama, wani lokaci da daɗi, wani lokaci a gurɓace kamar a mugun mafarki. A zane ma haka. Caspar David Friedrich yakan zana mutum ya juya wa mai kallo baya, yana tsaye a kan dutse yana duban hazo, don mai kallo ya ji kamar shi ne a tsaye a wurin.

To, yaya malamai suka fassara wannan? Hukunci mafi tsanani ya fito ne daga bakin Goethe kansa, wanda da ya tsufa, a 1829, ya gaya wa abokin hirarsa Eckermann cewa tsohon tafarki lafiya ne, na shauƙi kuwa ciwo. Irving Babbitt na Jami'ar Harvard ya ɗauki wannan hukunci a 1919 ya faɗaɗa shi, ya ɗora wa Rousseau laifin koya wa mutane bin son rai a madadin horar da kai. Arthur Lovejoy ya zo a 1924 ya ce an lafta wa sunan ma'anoni masu karo da juna har ya daina nufin komai, gara a yarda cewa tafarkuna ne da yawa, na Jamus daban, na Ingila daban, na Faransa daban. René Wellek ya mayar masa da martani a 1949 cewa akwai zare guda da ya ɗinke su: girmama ƙirƙirar zuci, da kallon halittar Allah a matsayin abu mai rai, da magana ta hanyar alama. Sai M.H. Abrams a 1953 ya kawo bayanin da ya fi zama a zukatan ɗalibai, cewa da can ana ɗaukar mai fasaha madubi ne da ke nuna duniya yadda take, 'yan shauƙi kuwa suka mai da shi fitila mai haska duniya da hasken da ke fitowa daga cikinsa.

Isaiah Berlin, a laccocin da ya yi a Washinton a 1965, ya ɗauki abin a matsayin sauyin tunani mafi girma da Turai ta gani a ƙarnonin baya-bayan nan, ya kuma nuna cewa ya haifi 'ya'ya biyu da ba sa ga-maciji: mugun kishin ƙabila a gefe guda, da yarda cewa mutane na iya bambanta a kan abin da suke ɗauka da daraja a ɗaya gefen. Daga baya Jerome McGann, a 1983, ya zargi manazarta da haɗiye abin da 'yan shauƙi suka faɗa game da kansu ba tare da tauna ba. Anne Mellor kuma ta nuna a 1993 cewa an gina duk bayanin ne a kan mawaƙa maza 'yan ƙalilan, an mance da ɗimbin matan da suke rubutu a wannan zamani, waɗanda damuwarsu gida ce da aure da ilimin 'ya mace.

Duk wanda ya bi tamu gardamar zai ji kamar ya san waɗannan muryoyi. A gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya, wadda littattafanta suka fito a 1980, akwai Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, duka biyun a kan soyayya. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai matasan da suka yi boko suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u na Kano, suna kai wa 'yan kasuwa. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Ado Ahmad Gidan Dabino, jigo a ƙungiyar Raina Kama, ya rubuta In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya 'yar masu hali take son Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri mai kuɗi, ta faɗa rijiya. Kamar yadda ya faru a Biyana, an sami mai fasahar da ba shi da ubangida sai mai saye.

Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano a 1994, yana kwatanta ta da ƙananan littattafan kasuwar Anaca. Hujjarsa ita ce rubutun na neman kuɗi ne, babu tacewa, jigonsa ɗaya, aro ya yi masa yawa, kuma ba zai daɗe ba. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Yusuf M. Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, suna cewa waɗannan matasa sun sa dubban mata karatu da Hausa, sun kuma taɓo abubuwan da manya suke kawar da kai daga gare su. Ibrahim Sheme ya buɗe musu filin adabi a jaridar New Nigerian a ƙarshen shekarun 1990, aka yi ta musayar alƙalami, har aka sami wanda ya yi kiran a binne littafin soyayya baki ɗaya. Wannan shi ne zancen ciwo da lafiya na Goethe, ya sake fitowa a wajenmu.

Manazarta daga waje sun kawo nasu. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997, ya ce finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kano suka daɗe suna nunawa, sun ba matasan Hausa hanyar tunanin zamani ba tare da sun bi ta Turai ko Amurka ba, domin a cikinsu akwai kunya, da biyayya ga iyaye, da rikicin auren dole, abubuwan da Bahaushe ya sani a gidansa. Novian Whitsitt ya karanta Balaraba da Bilkisu a matsayin masu neman haƙƙin mace daga cikin Musulunci, kusan aikin da Mellor ta yi wa matan Ingila. Carmen McCain ta nuna cewa da yawan littattafan da finafinan tonon asirin al'umma suke yi, kuma kiran su duka da sunan soyayya yana ɓoye bambancin da ke tsakaninsu, wanda shi ne ƙorafin Lovejoy. Graham Furniss da abokan aikinsa a Landan suka tattara ɗaruruwan littattafan, suka fitar da jerin sunayensu a 2004.

Gaskiya Malumfashi bai yi ƙarya ba a kan rashin tacewa, kuma Abdalla kansa daga baya ya bi finafinan Hausa da dama ya nuna na Indiyan da aka kwaikwaya. Ni ma kunnena yana gajiya da waƙoƙin da ake bugawa da sautin fiyano iri ɗaya, a tace murya da kwamfuta har a kasa bambanta mawaƙi da mawaƙi. Amma hasashen mutuwa bai tabbata ba. Littafin takarda ya ja baya, labarin kuwa ya koma waya, ana karanta shi a WhatsApp, ana sauraronsa a YouTube da gidajen rediyo.

Inda nake ganin gurbin yake shi ne nan. Kusan duk gardamar tamu a kan labari aka yi ta: me littafin ya ce, ya gyara tarbiyya ko ya ɓata, daga ina aka aro shi. Hoffmann kuwa da sauti ya fara. Mu ba mu cika tambayar me ya sa wani kari yake karya zuciya ba, ko me ya sa waƙar Sangaya ta mamaye gidajen biki a farkon shekarun 2000, ko me matan aure suka ji a Jarumar Hamisu Breaker a 2020 har suka yi ta rawarta a gaban mazajensu suna ɗauka a waya. Nazarin kiɗanmu ya yi nisa, babu musu. M.G. Smith ya yi bayanin roƙo a 1957, David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai suke bi har yau. Sai dai an fi rarraba makaɗa bisa wanda suke yi wa kiɗa: na fada, na maza, na sana'a, na jama'a. Wannan rabo daidai ne ga zamanin ubangida. Mawaƙin da yake kuka da ciwon kansa, irin Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, ko Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef a yau, rabon bai tanadar masa wuri mai faɗi ba, shi ya sa ake saurin cewa baƙon abu ne daga Indiya.

Ban yarda baƙo ba ne. Tun kafin a gina gidan silima na farko a Kano muna da bege. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ya yi ƙasidar Larabci ta ɗokin zuwa Madina, almajirai sun tashi da Ishiriniya a bakinsu, Aliyu Namangi na Zariya ya cika kunnuwan Arewa da Imfiraji. A duk waɗannan akwai mutum guda yana faɗin abin da ke ƙona shi, yana ambaton hawaye da rashin barci da nisan wanda yake so. Shi ya sa lokacin da masu bandiri a Kano, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya da Larkin ya yi nazari, suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora masa yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, abin ya zauna daram. Karin ya tarar da gurbinsa a shirye. A ƙagaggen labari ma, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya kawo saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa tun a shekarun 1930.

Akwai kuma bambancin da bai kamata a rufe ba. Wasu 'yan shauƙin Turai sun kai ga ɗora fasaha a gurbin addini, suka ɗauki bege marar matuƙa a matsayin abin nema don kansa. Namu begen yana da alƙibla. Na malamai yana fuskantar Madina, na littattafan soyayya kuwa galibi yana neman ya ƙare da ɗaurin aure da albarkar iyaye. Werther ya mutu, Sumayya kuwa an ciro ta daga rijiya. Marubutanmu ba rushe gida suke nema ba, so suke a tambayi yarinya kafin a ba da ita, kuma wannan haƙƙi ne da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa.

Shaida mafi tsufa kuwa tana dandali. A garuruwan ƙasar Wudil, Ɗankaza da maƙwabtanta, kamar sauran karkarar Kano, duk macen da ta manyanta ta san gaɗa. Idan farin wata ya fito 'yan mata sukan tsaya rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito tsakiya ta ba da waƙa, ta juyo ta faɗo da baya, sauran su cafe ta su cilla ta sama, ta dire, wata ta shigo. A cikin waɗannan waƙoƙi yarinya takan yabi saurayin da take so, ta kushe tsohon da ake shirin ba ta, ta kai ƙara wajen inna da baba a fakaice, abin da ba za ta iya faɗa a tsakar gida da rana ba. Babu fim ɗin Indiya da ya koya musu wannan. Yau jikokinsu sukan je kasuwar Wudil ranar Juma'a, su tsaya a rumfar mai cajin waya, ya buɗe kwamfuta ya tura musu waƙoƙi a memori, saurayi ya zaɓi guda ya aika wa budurwa ta faɗa mata abin da nauyin baki ya hana shi faɗa. Kayan aikin ne suka sauya, buƙatar tana nan yadda take.

'Yan shauƙin Jamus sun gane darajar irin wannan tun da wuri. Herder ya buga tarin waƙoƙin talakawa a 1778 da 1779, Arnim da Brentano suka bi sawunsa daga 1805, 'yan'uwan nan Grimm suka fitar da tatsuniyoyinsu a 1812, makaɗa irin Brahms da Mahler kuma suka yi ta ɗiba daga wannan rumbu. A wajenmu Ibrahim Yaro Yahaya da Umaru Dembo sun fara aikin a farkon shekarun 1970 da littattafansu na tatsuniyoyi da wasannin yara. Sai dai takarda baiti kawai take riƙewa, ba ta riƙe kari da tafi da yadda murya take karyewa, alhali a nan ne shauƙin yake. Dandali kuma yana mutuwa, makaranta da talabijin da waya da tsoron dare sun janye 'yan mata daga cikinsa.

Wudil tana da jami'a tun 2001, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Ɗangote, kuma tsakaninta da sashen Hausa na Jami'ar Bayero babu nisa sosai. Kusan kowane ɗalibi yana da wayar da za ta ɗauki murya. Ina roƙon malaman da ke ba da batun kundin digiri su tura ɗalibai mata wajen iyayenmu a Ɗankaza da garuruwan kewaye, da izinin masu gida da yardar su tsofaffin, a ɗauki waƙoƙin gaɗa da na daka da na niƙa da muryarsu da tafinsu, a ajiye a inda kowa zai iya saurara, sannan a ɗora su kusa da waƙoƙin fim a auna kari da kari. Matan da suka yi gaɗa kafin zuwan kaset sun tsufa, aikin ba ya jiran wata shekara.